Sai An Gwada A Kan San Na Ƙwarai: Darasi A Kan Awon Wari

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, a wannan fitowa ina so mu yi nazarin wani irin awo wanda babu shi cikin littafinku na lissafi, watau awon wari. Kun san tsawo da tef a ke auna shi, nauyi da sikeli, hatsi kuwa da mudu. To, warin da ke fita daga sabon fenti, ko daga katakon silin, ko daga ledar da a ke shimfiɗawa a ƙasa, da me za a auna shi? In kuwa an auna, ƙaƙa za mu san awon na gaskiya ne? Wannan tambaya ta biyu ita ce kan darasinmu.

Kada wani ya ce zancen Turawa ne, ba ruwanmu. Gobe ku ne za a danƙa wa aji mai yara 50 ko fiye, su zauna cikinsa sa'a 5 ko 6 ko wace rana. Iskar da za su shaƙa tana cikin amanar da aka ba ku.

Abin Da Ya Kawo Maganar

Ni mutumin ƙasar Kajuru ne. Da can mutanen ƙasarmu da abin da ke kusa da su su ke gini, watau jar ƙasa da ciyawa da gora da itace. In za a yi daɓe, sai a jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba a yayyafa. Ko wane yaro ya san ƙanshin irin wannan ɗaki, ba ya kuwa sa kowa ciwon kai.

Yanzu duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kachia, ya ratsa Kasuwan Magani da Kufana da Idon, zai ga gini ya sake. Bulo ne da siminti da kwano, da fentin mai, da silin na katako wanda aka manne da gam. Kafintoci kuma su kan shafa wa katakon rufi baƙin mai ko maganin gara. Bayan tashin hankalin da aka yi a ƙasar cikin 2018 da 2019, gidaje da shaguna da yawa aka sake ginawa, galibi da irin waɗannan kaya. Dukansu suna sakin wani abu cikin iska, waɗansu na kwanaki, waɗansu na watanni.

Wata shekara na je duba ɗalibanmu masu koyon koyarwa a wata firamare a can. An gama sabon aji, an yi fenti mako ɗaya kafin a koma hutu. Ɗalibarmu ta ce mini, "Malam, kullum in azahar ta yi kaina sara ya ke yi, yara kuma sai hawaye." Hedimasta, wanda tun safe ya ke cikin ginin, ya ce shi bai ji kome ba. Mai fenti ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙanshin sabon abu ne." Mutum uku, ɗaki ɗaya, magana uku, ba kuwa wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ko wanne abin da hancinsa ya gaya masa ya faɗa. Wa za a bi?

Raunin Hanci

Harshenmu yana da sunaye da yawa na abin da hanci ke ji. Muna da ƙanshi da wari da ɗoyi, muna da ƙarni na kifi, ƙauri na abin da ya ƙone, zarni na fitsari, da hamami. Waɗannan duka iri su ke nunawa. In aka zo batun yawa, ba mu da abin faɗi sai "kaɗan" da "ƙwarai". Ƙwarai na wani kuwa shi ne kaɗan na wani, sabo da dalilai huɗu.

Na ɗaya, halitta. A shekarar 1991 waɗansu masana biyu na Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano asalin 'yan ƙananan abubuwan da ke kama wari a can cikin hanci, har aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da irinsu wajen 400, amma na wannan mutum ba daidai su ke da na wancan ba. Akwai warin da wani ba zai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Na biyu, sabo. In mutum ya yi 'yan mintoci cikin wari, hancinsa ya kan gaji ya daina kai labari. Tun 1936 wani masani a Jami'ar Harvard, sunansa Yaglou, ya yi ta zaunar da mutane cikin ɗaki yana rage musu iska ko ya ƙara, sa'an nan ya sa waɗansu su shigo daga waje su faɗi abin da suka ji. Baƙon da ya shigo yanzu ya fi mai ɗaki jin warin ɗakin nesa ba kusa ba. Abin da ya sami hedimastan nan ke nan.

Na uku, halin da jiki ke ciki. Mura tana toshe hanci, tsufa yana rage ƙarfinsa, taba da turare da yaji suna ruɗa shi. Kuna tune da cutar korona ta 2020, yadda mutane da yawa suka daina jin ƙanshin kome har makonni.

Na huɗu, zuciya. Daddawa ƙanshi ce ga wanda ya tashi da ita, ga baƙo kuwa wari ce. Mai fenti da ya ke abincinsa ke nan, ba zai ji warin fenti da muni ba.

Wani zai ce, to, me ya hana a bar hanci a ɗauki na'ura? Lalle akwai na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin iska, ta faɗi sunan ko wanne da nauyinsa, ana kuwa aiki da ita. Amma wari ba ya bin nauyi. Wani sinadari ɗigonsa ya isa ya cika ɗaki, wani kuwa ko da yawa ba a jinsa, in kuma biyu suka gauraya su kan ba da wari na uku dabam. Don haka har yau hancin mutum ne kaɗai ke iya faɗin yadda iska ta ke ga mutum. Tun da ya ke ba yadda za a yi a rabu da shi, sai aka shiga neman dabarar da za a horar da shi.

Yadda Aka Mai Da Hanci Ma'auni

A 1988 wani shaihun malami na ƙasar Danmak, Ole Fanger, ya ƙago ma'auni ya sa masa suna olf. Olf 1 shi ne gwargwadon abin da baligi ɗaya, mai tsabta daidai misali, ke ɓata iska da shi yana zaune. Da shi da abokan aikinsa suka bi ofisoshi a birnin Kofanhagen da masu sansanawa, sai suka tarar mafi yawan ɓacin iskar ba daga jikin mutane ya ke fitowa ba. Daga kayan gini da kayan ɗaki ne, da bututun shigar iska, da hayaƙin taba. Daga nan hankali ya daɗa komawa kan kayan gini.

A 2012 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya, wadda a ke kira ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 16000-28 a kan auna warin kayan gini, ta kuma sake gyara ta a 2020. Hukumarmu ta SON tana cikin wannan ƙungiya. Ga yadda aikin ya ke a taƙaice.

A yanki abin da za a gwada, a sa shi cikin akwatin gilashi ko na ƙarfe mara tsatsa, wanda shi kansa ba shi da wari. A tsai da zafin akwatin a digiri 23, danshinsa kashi 50 cikin 100, tsabtatacciyar iska tana shiga tana fita daidai wa daida dare da rana. Bisa ga al'ada a kan duba a kwana na 3, a kuma sake dubawa a kwana na 28. Iskar da ta fito a kan kai ta ga hancin mai sansanawa ta wani mazurari, ko a tara ta cikin jaka ta musamman tukuna. Ba ya ganin abin da ke cikin akwatin, don kada ido ya yi wa hanci shisshigi.

Sa'an nan ga tsani. A gefe a kan jera waɗansu mazurarai masu fitar da iska gauraye da asiton, watau ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Matakin ƙasa miligiram 20 ne na asiton cikin ko wace mita ta iska, ina nufin iskar da za ta cika akwati mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 zurfi. Wannan shi ne sifiri, don a nan hanci ke soma jin asiton da ƙyar. Ko wane mataki a ƙara miligiram 20, har a kai mataki na 15, mai miligiram 320. Sunan matakin pi. Aikin mai sansanawa shi ne ya shaƙi iskar akwatin, ya koma ga tsani, ya faɗi matakin da ƙarfinsu ya zo ɗaya, ko da ya ke irin warin dabam ne. Bayan wannan a kan tambaye shi daɗin warin ko muninsa, daga 4 ƙasa da sifiri, mummuna ƙwarai, zuwa 4 bisa sifiri, mai daɗi ƙwarai.

Jarraba Awon Kansa

Yanzu mun zo ga gindin magana. A ce kun je Kasuwan Magani sayen masara, kuna shakkar mudun mai awo, ko an bubbuge gindinsa. Me za ku yi? Za ku gwada shi da mudun da kuka amince da shi. Za ku sa a auna buhu ɗaya sau biyu ku ga ko lissafi zai zo ɗaya. In ba ku gamsu ba, ku kai buhun ga wani mai awo a wata rumfa. Haka ɗin nan a ke yi wa awon wari, hawa uku.

Hawa na ɗaya, jarraba mutum. Ba kowa a ke ɗauka ba, sai wanda aka tabbata hancinsa lafiya lau, aka kuma hore shi kwanaki a kan tsanin. Ran gwaji ba ya shafa turare, ba ya zuwa da mura, ba ya cin kome ko shan taba dab da farawa. A wurinmu sai mu ƙara da goro da citta. Kafin ya taɓa aikin ranar, a kan ba shi asiton wanda shugaban gwaji kaɗai ya san ƙarfinsa. In ya kauce wa gaskiya da nisa, ba a lissafa maganarsa.

Hawa na biyu, jarraba ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ƙa'ida ta ce horarrun masu sansanawa kada su gaza 8. Ko wanne ya rubuta nasa, ba shawara. Ga misali na lissafi, ku yi shi a allo. A ce ƙungiya ta fari ta ba da 5, 6, 6, 7, 7, 8, 8, 9. Jimla 56, a raba 8, ya tashi 7. Ƙungiya ta biyu ta ba da 2, 3, 5, 7, 7, 9, 11, 12. Jimla 56 ne kuma, tsaka-tsaki 7. To, amsa ɗaya ce, amma darajarsu ɗaya ce? A'a. Na fari bakinsu ya kusa zama ɗaya, na biyu kuwa sun watse, har da za a cire mutum ɗaya a sa wani, amsar sai ta yi tsalle. Masu lissafi suna da hanyar auna wannan watsewa, su faɗi iyakar inda a ke sa ran gaskiya ta faɗa sau 9 cikin 10. Ta ƙungiya ta fari ba ta kai pi 1 sama ko ƙasa ba. Ta biyu ta kusa pi 2 da rabi. Ƙa'ida kuwa ta ce kada ta wuce pi 2, sabo da haka aikin ƙungiya ta biyu tilas a sake shi. Ku riƙe wannan da kyau, gama haka ya ke ga makin jarrabawar yaranku. Tsaka-tsaki shi kaɗai ba ya faɗin gaskiya duka.

Hawa na uku, jarraba ɗakunan gwaji. Mai yiwuwa ne mutum 8 su yarda da juna sarai, alhali dukansu sun ɓata tare, don tsaninsu ne ya karkace. Ƙila asiton da ke fita a mazurari bai kai yadda aka rubuta ba, ko iskar ta yi rauni har ta ɗakin ta shiga ta tsarma ta, ko jakar ta shanye wani abu daga warin, ko ɗakin kansa yana da nasa wari. Ba mai iya gane wannan daga ciki. Maganinsa shi ne gwajin zagaye. A ɗauki abu ɗaya, a rarraba shi daidai, a naɗe ko wane kashi yadda iska ba za ta shiga ba, a aika wa ɗakunan gwaji da yawa, a ce duka su buɗe rana ɗaya, ba wanda ya san amsar wani. In amsoshi suka komo, wanda ya yi nisa da jama'a sai ya koma ya binciki kayan aikinsa.

Jamusawa sun yi wannan ƙwarai. Suna da kwamitin duba lafiyar kayan gini mai suna AgBB, da hukumar gwajin kaya ta BAM a birnin Balin. Da ƙa'idar ta fito a 2012 ba su yi garajen ɗora ta kan masu sana'a ba. Sai da suka yi shekaru suna gwada ta, har da gwajin zagaye, kana a 2018 suka shigar da ita cikin tsarinsu, ga mai so, da iyakar pi 7 a kwana na 28. Dalilin wannan haƙuri a fili ya ke. In ɗaki ɗaya ya ce kafet ɗin wani 6 ne, ɗaki na biyu ya ce 9, to, ko dai an zalunci mai kaya, ko an cuci mai saye.

Iyakar Awon

Ko awo ya ci dukan jarrabawan nan, akwai abu biyu da ba zai gaya muku ba.

Na fari, an yi shi a digiri 23 ne. Aji mai rufin kwano a Kajuru cikin watan Maris ya wuce haka da nisa, zafi kuwa yana hanzarta fitar sinadarai daga fenti da gam. Da damina danshi yana ƙara fitar da fomaldehaid, watau ɗan'uwan fomalin na asibiti, daga gam ɗin katakon silin. Da hunturu kuma mu kan rufe tagogi sabo da sanyi da ƙura, abin ya taru. Shaidar da ke jikin kaya tana nuna wanne ya fi wanne, amma ba ta san ɗakinku ba.

Na biyu, rashin wari ba shaidar lafiya ba ne. Dalmar da a ke samu cikin waɗansu fenti ba ta da wari, tana kuwa lalata ƙwaƙwalwar yaro. Iskar nan mai kisa da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ita ma ba ta da wari. Fomaldehaid yana da wari, amma hanci ya kan saba da shi. Tun 2004 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar, a 2010 kuma hukumar ta ce kada ya wuce kashi 1 cikin 10 na miligiram a mita ta iska cikin minti 30. Irin waɗannan sai na'ura. Hanci bai san daɗin gishiri ba, ko wane ma'auni da aikinsa.

Gwajin Da Za Ku Iya Yi

Wannan naku ne, ku manya, a nan kwaleji. Kada ku yi shi da yaran firamare, kada kuma kowa ya sansana fetur ko sholisho ko ruwan tsarma fenti.

Ku jiƙa cokali 1 na garin cittar Kachia cikin lita 1 ta ruwa, ku tace. Ku zuba a kwalba ta fari. Ta biyu rabi wannan rabi ruwa, ta uku rabin ta biyu da ruwa, haka har kwalba 5. Ku naɗe su da takarda don kada a ga launi, ku hautsina jerinsu. Wanda ya kasa jera su daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, ya huta a ranar.

Sa'an nan ku sami manyan kwalabe 6 wankakku. Ku sa guntun katakon silin a ɗaya, guntun leda a ɗaya, ɓallin daɓen makuba a ɗaya, katakon da fentinsa ya bushe a guda biyu, ta shida kuwa ku bar ta ba kome. Mutum ɗaya ya sa lambobi ya ɓoye takardar. Bayan kwana 1 a rufe, mutum 8 su zo ɗaya ɗaya, ko wanne ya ba da maki daga 0 zuwa 5, ya sha iska a waje tsakanin kwalba da kwalba. Ku duba abu uku. Kwalabe biyu masu abu ɗaya sun sami maki ɗaya? Wa ya ji wari a kwalbar da ba kome? In aji na biyu ya maimaita gobe, amsarsu ta zo kusa da taku? Za ku sha mamaki.

Abin Da Ya Wajaba Ga Malami

In za a yi fenti ko silin a makarantarku, ku roƙa a yi shi farkon dogon hutu, a bar tagogi a buɗe, don mafi yawan abin da sabon kaya ke saki cikin makonnin fari ya ke fita. In ana gardama a kan wani aji, kada ku tsaya kan maganar mutum ɗaya, ko ta babba ce. Ku kira mutane da dama daga waje da tsakar rana, ko wanne ya shiga shi kaɗai ya rubuta abin da ya ji a shaƙar fari, ku sake bayan mako ɗaya, ku shigar cikin littafin makaranta da kwanan wata. In yara suna kukan ciwon kai ko zafin ido, ku fitar da su gindin itace tukuna, kana a yi binciken. Takarda mai lamba da kwanan wata ta fi ƙorafin baki nauyi a gaban hukuma.

Tambayoyi

1. Faɗi dalilai huɗu da ke sa mutum biyu su saɓa a kan wari ɗaya.
2. In pi 0 miligiram 20 ne na asiton, pi 7 miligiram nawa ne?
3. Ƙungiya ta ba da 4, 4, 5, 5, 6, 6, 7, 11. Nemo tsaka-tsaki. Me za ka bincika game da mutum na ƙarshe?
4. Don me yardar masu sansanawa da juna ba ta isa shaida ba?

Ku kawo mini amsoshinku da sakamakon kwalabenku kafin ƙarshen wata. Ajin da ya fi tsara aikinsa za mu buga nasa a fitowa mai zuwa.